Cha'ibu da Kuɗin Komowa

Malam Cha'ibu yakan fito daga masallaci bayan sallar asuba, ya tsaya wajen mai koko ya sha a tsaye, ya koma gida ya ɗaure tsani a gefen babur. Jakar aikinsa ta fata ce, an yi mata faci sau biyu. A ciki akwai filaya, da ƙaramar guduma, da igiyar awo, da zare kala biyar a naɗe jikin kara. Kafin ya tayar da babur, matarsa Salamatu takan leƙo zaure ta jero masa gidajen da suka kira jiya. Gidan wane a bayan tasha, hoto yana yankewa. Gidan wane a Dungu, lasifika ɗaya ta yi shiru. Ba ta rubutawa, kuma ban taɓa jin ta manta ba.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan fita, tun zamanin bidiyo mai kaset. Duk gidan da ke da ɗan cin rani ya san aikinsa. Mutum ya yi wata bakwai a Kano ko Ikko ko Fatakwal, ya komo da kwali: tele mai faɗi, lasifika biyar da uwarsu mai gurnani, dekoda, da parabol, farantin nan da ake kafawa a soro yana kamo tashoshi. Cha'ibu ne ke buɗe kwalin ya mai da ɗaki wurin kallo.

A garinmu Matameye ba a cika ce masa mai parabol ba. Mai Tsada ake ce masa. Ya san da sunan, yana amsawa.

A ranin da ya wuce likita ya hana shi hawa tsani, hani na har abada. A lokacin akwai gida goma sha tara da ya riga ya karɓi kuɗinsu a kan duk abin da ya lalace cikin shekara zai komo ya gyara, mazan gidajen kuwa duk suna Najeriya. Yadda ya yi da wannan alkawari shi ya sa na ɗauki alƙalami. Amma sai an fara sanin yadda yake yanke kuɗin aiki, don daga can maganar ta taso.

Ni na san shi a kakar bara. Na dawo daga Aljeriya, inda na yi shekara bakwai ina karatun lantarki, na tarar yayana Lawwali ya sayo irin kwalin nan. Rani biyu ya yi yana ɗaukar siminti a Ikko kafin ya haɗa kuɗinsa. Kwalin ya yi damina a ƙarƙashin gado, sai da aka sayar da wake aka samu na haɗawa. Saura kwana huɗu Lawwali ya koma. Ya ce tunda ni ne mai takarda, ni zan yi ciniki.

Na fara tambayar Abdulrazak, mai gyaran salula a bakin tasha, wanda shi ma yana taɓa wannan aiki. Ya ce jaka biyar, wato sefa dubu biyar, komai da komai. Da na gaya wa Lawwali sai ya ɗaure fuska.

"Wannan ba zai taka sorona ba. Ya taɓa hawa soron maƙwabta ba sallama, Rashida tana tsakar gida ba mayafi. Na rantse, kuma ina kan rantsuwata. Amma ka riƙe jaka biyar ɗin tasa, ka tsorata Mai Tsada da ita."

Rashida matar Lawwali ce. Na kira Cha'ibu ta salula.

"Malam, nawa kake haɗa tele da lasifika biyar da parabol?"

"Sai na ga bango."

"A ƙiyasce dai."

"Ban iya ƙiyasin bangon da ban gani ba. Gobe da hantsi in Allah ya kai mu."

Ya zo da hantsi. Ya yi sallama, ya tsaya a zaure har aka gaya wa mata, sannan Lawwali ya shigar da shi ɗakin Innarmu, inda za a sa kayan. Bai kalli kwalin ba. Ya nufi bango ya riƙa ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a kusa, kamar mai zaɓen tulu a kasuwa.

"Nan gara ta shiga. Nan yaɓe ne kawai, bayansa rami. Nan akwai ƙarfi, amma ba na tele mai wannan faɗi ba."

Sannan ya ɗauki kan wayar telen ya juya shi. Kayan Najeriya haƙori uku suke zuwa da shi, masu faɗi. Wurin jona wuta na ƙasarmu rami biyu ne zagayayyu. Kowa ya san abin da mutanenmu ke yi: a yanke kan, a fere waya, a cusa a rami, a danne da tsinken ashana. Lawwali ya riga ya ajiye reza da ashana a kan taga. Cha'ibu ya gan su.

"Lawwali, wannan ashanar ta me ce?"

"Ta fitila ce, Baba Cha'ibu."

"Allah ya sa. Ni kaɗai na yi wa tele bakwai jana'iza a garin nan, duk ashana ce ajalinsu."

Ya sa ashanar a aljihunsa. Daga nan ya durƙusa gaban Inna, ya ɗaga murya.

"Inna, wane kunne ne ke ji?"

"Na hagu, ɗan nan. Na dama ya riga ni tafiya."

A jikin kwali akwai zanen yadda ake jera lasifikun, da kujera a tsakiya. Na nuna masa. Ya ce wanda ya yi zanen bai san Inna ba, kuma a ɗakin nan ba kujera, gado ne da tabarma. Ya auna daga gadon zuwa kusurwa, daga kusurwa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa indararo inda waya za ta hau soro. Sai da ya naɗe igiyarsa sannan ya yi maganar kuɗi.

"Bango jaka shida. Waya jaka huɗu. Komowa jaka biyar."

"Abdulrazak ya ce jaka biyar, duka," in ji ni.

"Ya ga bangon?"

"Ta salula ya faɗa."

"To ta salula zai kafa ƙusar."

Na ce masa a inda na yi karatu awa ake ƙirgawa, a sa kuɗin kaya, a ɗora riba. Aikin nan bai wuce awa biyar ba. Ya saurare ni har na gama.

"Awa biyar na yau ne, malam ɗalibi. Yayanka zai tafi Laraba, sai ruwa ya sauka. In ɓera ya ci waya da azumi, wa zai shigo gidan nan? Kai ma an ce Agadas za ka aiki. Ni kuwa ba na shiga gidan da maigida ba ya nan. Salamatu ke shiga."

A nan na gane abin da ake saye da kashi na uku. Shekara guda ce cur. In an kira, ba a kwana biyu ba a zo ba. Abin da ke cikin ɗaki Salamatu ke gyarawa, shi yana zaure. Kowace waya ya ɗaura mata zare, ja, fari, baƙi, kore, rawaya, kuma bakin da za ta shiga yana da irin zarenta, don matar gida ta iya cewa ta salula, jan zare ya fita. Rabin gyaran a nan yake ƙarewa. Abin da ke kan soro nasa ne. Yakan jingina tsani ta waje, ya tsaya a ƙasa ya ce, "Salamu alaikum, za a hau soro!" sau uku, da tazara, har matan gidan da na maƙwabta su kimtsa. In ya hau, faranti yake kallo. Shi ya sa mazan da ke nesa suka yarda da ƙafarsa a kan soronsu, ba su yarda da ta kowa ba.

Na ce a cire komowar mu biya jaka goma.

"Bango ana ragi, in kun kawo katako. Waya ana ragi, in kun yarda a matso da faranti. Komowa ba a ragi. In ba komowa, ba ni."

Lawwali ya taɓa ni a kafaɗa.

"Bar shi, ƙane. Ba kai ka ɗauki simintin ba."

Ya biya. Cha'ibu bai rataya telen a laka ba. Ya kafa katako biyu tun daga ƙasa, ya ratsa bangon da dogon ƙarfe, ya tare shi da wani katakon ta waje. Ya canza kan waya, ya sa Lawwali ya sayo akwatin daidaita wuta. Lasifika ɗaya ya saukar da ita daidai kan gadon Inna, ta hagu. Da aka kunna tashar Makka, Inna ta juyo da sauri ta ce wa ya shigo.

Na tambaye shi daga baya ko bai ga rashin adalci ba, bangon laka na talaka ya fi bangon siminti na mai kuɗi tsada a wurinsa. Ya ce ya gani, ya daɗe yana damunsa.

"Amma falon mai kuɗi ya fi cin waya. Bangon talaka da tsada, wayar Alhaji da tsawo. Allah ya raba."

Mutane sun gaya mini wasu. Wani Alhaji mai fataucin rake a Dungu ya ce masa ya faɗi duk abin da yake so. Ya ƙwanƙwasa bango, ya auna, ya faɗi kuɗin da bai kai na gidanmu ba, har Alhajin ya ji haushi, wai an raina shi. Wani malamin makaranta a Dawce, mai amfani da wutar hasken rana, ya ce Cha'ibu ya duba batirinsa ya ce uwar lasifika ta zauna a kwali sai ya sayi babban batir, in ba haka ba kullum kallo zai mutu kafin labarai. Ya rage kuɗin aikinsa da bakinsa, ya tafi.

Kai ne Mai Tsada, Malam Cha'ibu. Kai ne ba ka faɗin kuɗin abin da ba ka taɓa da hannunka ba. Da za a haɗa abin da aka biya ka da abin da aka biya masu araha sau uku-uku, da an canza maka suna. Ba a haɗawa, kai kuma ba ka taɓa roƙon a haɗa ba.

Abin da ya raba Cha'ibu da tsani ya same shi a Kurni, da sanyi yana ƙarewa. Ya sauko daga wani soro, ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sai gari ya juya masa. Ya zauna a gindin tsani har aka kawo ruwa. A asibiti aka ce hawan jini ne, an ba shi magani, an ce tsani kuma sai dai ya gani a hannun wani. Da suka komo gida Salamatu ta ɗaure tsanin da sarƙa a jikin dogon-yaro, ta sa kwaɗo, ta rataya makullin a wuya.

Abokansa na majalisa suka ce abu mai sauƙi ne, ya mayar wa kowane gida jaka biyar ɗinsa, ba wanda zai zarge shi. Kuɗin ma suna nan. Salamatu ba ta barin a taɓa kuɗin komowa sai shekara ta zagayo. Kowane gida da ƙullinsa a tsumma, a cikin kwalla, a ƙarƙashin gado.

"Kuɗi ba ya kama tasha," in ji Cha'ibu. "Matar da mijinta ke Fatakwal, in na miƙa mata jaka biyar, wa za ta ba ya hau mata soro?"

Wata biyu Allah ya rufa asiri. Duk kiran da aka yi na cikin ɗaki ne, Salamatu ta ishe shi. Sai hadarin bazara ya taso wata la'asar, iska mai yawa, ruwa kaɗan, irin wanda ba ya isa shuka balle ya kira maza gida. Kafin magariba gida goma sha ɗaya sun kira. Faranti ya juya, tele ba hoto. Gidanmu yana ciki.

Ni ina Agadas. Abin da ya biyo baya daga bakin Rashida da Salamatu da Abdulrazak na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Da safe Cha'ibu ya tafi bakin tasha. Abdulrazak magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ba mugu ba ne. Yana karya kuɗi ne don tsoron kada mai aiki ya wuce shi. Da ya hango Cha'ibu sai ya miƙe yana dariya.

"A'a, Baba Mai Tsada da kansa! Salula ce ta lalace? Sai na ga bango fa."

"Zauna, Jaka Biyar. Aiki na kawo maka. Soro goma sha ɗaya, kwana biyu. Nawa?"

"Jaka ɗai-ɗai."

"Ka ga sorayen?"

"Soro ai soro ne, Baba."

"Ba zan ɗauke ka a haka ba. Za ka hau, ka gama, ka sauko, sannan ka gaya mini kuɗin wanda ka hau. Abin da ka faɗa zan ba ka."

"In na ce jaka goma fa?"

"In ka iya kallon idona ka faɗa, zan ba ka."

Sannan Cha'ibu ya zauna a bencin Abdulrazak ya kira mazan ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin katinsa. Ya gaya wa kowa gaskiya: an hana shi hawa, ga wanda zai hau, shi zai tsaya a gindin tsani, shi zai yi sallama, in an ga ba daidai ba a wuyansa. Mutum goma suka yarda, wasu da sauri, wasu da tsaki. Na goma sha ɗaya Lawwali ne.

"Baba Cha'ibu, in kai ne, ka hau ko ba ka gaya mini ba. Amma wannan mutumin na rantse."

"Ya tuba, Lawwali. Ga shi nan yana jin ka."

"Ya ji da kyau. Rantsuwa ce, ba fushi ba."

"To. Rantsuwarka tana nan, alkawarina yana nan. Bari in ga yadda za su zauna gida ɗaya."

Salamatu ta buɗe kwaɗo da hannunta, ta ce inda tsani ya je nan za ta. Haka suka yi ta zagaye su uku. Cha'ibu ya yi sallama sau uku, Abdulrazak ya hau, Salamatu tana ɗaki gaban tele tana cewa saura kaɗan, ya wuce, komo, ya kama. A soro na farko Abdulrazak ya sa ƙafa a tsani tun sallama ta ɗaya. Cha'ibu ya riƙe masa riga.

"Ina za ka? Wadda ke wanka ta ji ɗaya ne kawai."

Da ya sauko daga soro na farko Abdulrazak ya ce jaka ɗaya, aka ba shi. Na biyu haka. Na huɗu a Dawce yake, azararsa gara ta cinye, sai da aka nemo katako aka shimfiɗa ya bi da rarrafe, ƙarfen farantin kuma ya tsage sai da aka kai wa mai walda. Ya sauko bayan azahar, gwiwa a goge, riga a yage.

"Nawa?" in ji Cha'ibu.

Abdulrazak ya daɗe yana kallon gwiwarsa.

"Jaka huɗu, Baba."

"Ba ɗaya ba? Soro ai soro ne."

"Baba, don Allah."

Salamatu ta kwance ƙullin gidan ta ba shi.

Suka gama na goma a rana ta biyu bayan azahar. Saura namu. Inna ta kwana biyu tana tambayar Rashida ko mutanen Makka sun yi fushi ne. Suka iso ƙofar gida, Abdulrazak ya jingina tsani ya ja da baya, ya tsaya can gindin katangar maƙwabta. Salamatu ta shiga ciki. Cha'ibu ya yi sallamarsa sau uku. Da Salamatu ta ji ta uku sai ta tuna ba mai hawa. Ta fito da sauri ta tarar ya cire takalmi, ƙafarsa ɗaya a kan matakin farko. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da tsanin.

"Malam, in za ka hau, ta kaina za ka bi."

"Taku goma sha biyu ne, Salamatu."

"Na Kurni ma sha biyu ne."

Inna ta sa Rashida ta rako ta har zaure. Da aka gaya mata abin da ake ciki ta ce, "Cha'ibu, bar shi. Na yi shekara saba'in ba tele, ban mutu ba."

"Inna, shekara saba'in ɗin ba a biya ni ba. Wannan an biya ni."

Ya mai da takalminsa. Ya zauna a dakali yana kallon sama ta gabas, yana kallon katanga. Can ya kira Abdulrazak.

"Sorona akwai rantsuwa a kansa?"

"Babu, Baba."

"To ɗauki tsani. Je ka sauko mini da farantin gidana."

Salamatu ta koma cikin gida. Kafin Abdulrazak ya komo, ita da Rashida sun haƙa rami a tsakar gida inda Cha'ibu ya kwatanta, wajen da katanga ba ta tare sama ba. Suka kafa guntun ƙarfen famfo, suka danne shi da bulo huɗu. Abdulrazak ya ajiye faranti a bakin zaure ya koma waje. Matan biyu suka ɗauka suka ɗaura, suka ja sabuwar waya zuwa ɗakin Inna.

Dekoda tana da wani kuka da take yi in ana neman tasha, yana ƙara tsini in an kusa. Cha'ibu ya ce a ƙure lasifika. Ya zauna a zaure, ya ba tsakar gida baya, ya rufe ido.

"Gabas, yatsa biyu. Ya yi yawa, komo ɗaya. Rashida, ke riƙe ƙasa kawai, kada ki taimaka mata. Salamatu, ɗaga kamar za ki duba tuwo a tukunya."

"Malam, hannuna ya gaji."

"Nawa ma yakan gaji, ba na gaya miki ne. Ɗaga."

Sun fi rabin awa a haka. Sai kukan ya miƙe, ya tsaya a wuri ɗaya. Rashida ta ruga ɗaki ta danna. Muryar limamin Makka ta cika gidan, har awaki suka firgita. Inna ta gyara zama a gado, ta juya kunnen hagu.

"To, ga su nan. Ku yi mini shiru."

Ba a kira magariba ba tukuna. Kwana biyun ba su cika ba.

A hanyar gida, in ji Abdulrazak, Salamatu ta ce, "Shekara ashirin da shida muna gyara wa mutane kallo, yau namu ya yi ƙaura." Cha'ibu ya ce akwai rediyo. Mako bakwai suka yi da rediyon.

Da ruwa ya sauka maza suka komo. Inna ta hana a taɓa farantin tsakar gida, ta ce wannan ya fi na sama ladabi. Lawwali ya sayo sabo a Kano ya kai gidan Cha'ibu da kansa, bai yi dogon bayani ba, Cha'ibu ma bai nema ba. Aka aika wa Abdulrazak ya zo ya kafa. Ranar ina nan.

"Nawa za ka hau mini, Jaka Biyar?"

Abdulrazak ya zagaya bayan ɗaki ya ƙwanƙwasa bango. Ya leƙa azara. Ya karɓi igiyar awon Cha'ibu ya auna daga indararo zuwa taga. Ya komo ya tsaya.

"Bango jaka uku. Waya jaka biyu. Komowa jaka biyar."

"Kai! Tsada!" in ji Cha'ibu. "Cire komowar. Ni fa na san aikin."

"Ka san aikin, Baba, amma ba ka hawa. Komowa ba a ragi."

Salamatu tana bayan ƙofa tana dariya har da tari. Cha'ibu ya sa hannu a aljihu ya biya, bai rage ko dala ba. Abdulrazak ya jingina tsani, ya tsaya a ƙasa, ya yi sallama sau uku.

Da kaka ta zo shekarar gidajen nan goma sha tara ta cika. Salamatu ta kwance abin da ya saura a kwalla. Bai taka kara ya karya ba, yawanci ya tafi wajen mai hawa da mai walda da katin salula. Amma ba gida ɗaya da ya kwana uku ba hoto.

Yanzu Cha'ibu yana fita da safe kamar da, sai dai ba tsani a gefen babur. Shi ke ganin bango, shi ke awo, shi ke ɗaura zare. Matar Abdulrazak ta fara bin Salamatu cikin gidaje tana koyon wane zare ke shiga ina.

Malam Cha'ibu, na zo maka da lissafin awa, ka nuna mini cewa mai tafiya cin rani ba awa yake saye ba, kwanciyar hankalin wata bakwai yake saye. Mun gode. Inna ta ce a gaya maka tana sa ka a addu'a duk lokacin da aka tayar da salla a Makka, wato sau biyar a rana, da kunnen hagu. Salamatu, rabin wannan jinjina taki ce, har da zaman da kika yi a gindin tsani. Allah ya ƙara lafiya, ya sa a gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu wannan sana'a, daga Matameye har Kurni, da masu gini da masu jan wuta da duk wanda ake tambaya nawa ne: kada tsoron mai araha ya sa ku faɗi kuɗin da ba zai komo da ku ba. Ku je ku ga bangon. Ku sa ranar komowa a cikin kuɗin, ku ƙulle ta a tsumma, kada ku ci sai kun cika. Mu masu biya kuma, in mun ji an ce jaka goma sha biyar, kafin mu ce tsada mu tambaya wa zai zo ranar da iska ta taso ba ma gida.